Sana'ar riƙe sabobin wasan dabara a Gombe

Shagona yana Tudun Wada, ba nisa da jami'ar jiha, kuma duk wanda ya leƙo zai ɗauka gyaran kwamfuta ne kaɗai aikinmu. Muna gyaran, ba a musu. Amma abin da nake tinƙaho da shi yana ɗakin ciki, a kan kantar ƙarfe: kwamfuta ɗaya baƙa, ba allo ba linzami, fankarta na juyawa dare da rana. A cikinta ƙungiyoyin 'yan wasa daban-daban suke da filayensu, kowace da nata, kuma galibinsu ba su ma san suna da maƙwabta ba. Kowane fili shi ake kira saba, wato manhajar da ke riƙe wasa ta haɗa 'yan wasansa ta intanet.

Ba ƙwallo muke riƙewa ba, ba kuma wasan harbe-harbe ba. Namu wasannin dabara ne, irin waɗanda mutum zai kafa gari, ya tara dukiya, ya shirya runduna, ko ya shimfiɗa layin dogo ya yi gasa da abokansa. Akwai Freeciv, wanda wasu ɗalibai uku na jami'ar Aarhus ta Denmak suka fara a 1995. Akwai OpenTTD na harkar sufuri, da OpenRA da ya farfaɗo da tsohon Red Alert na 1996, da Battle for Wesnoth, sai Factorio na wani kamfani da ke Jamhuriyar Cek, wanda shi kaɗai ne a cikinsu sai kowa ya sayi nasa. Masu zuwa wurina ɗalibai ne da ma'aikata, wasu a nan cikin gari, wasu daga Kashere da Kaltungo da Bauchi, har da waɗanda aiki ya kai Abuja amma ba sa son rabuwa da abokan wasansu.

Maganar da na fi ji a bakin sababbin zuwa ita ce: "Haba Oga, ai inji ɗaya ne! Ya za ka caje mu kamar ka saya mana namu?" Nakan ce, ƙanena, zauna tukuna in nuna maka. Abin kamar gidan haya yake: ƙofar shiga ɗaya ce, wato adireshin kwamfutar a intanet, amma kowane ɗaki da lambarsa da makullinsa. Kowane wasa yana zuwa da lambar ƙofar da ya saba saurare. Freeciv 5556, OpenTTD 3979, OpenRA 1234, Wesnoth 15000, Factorio 34197. Muddin wasannin sun bambanta, ba rigima. Rigimar tana tasowa ne ranar da ƙungiya biyu suka ce duk Freeciv suke so, domin saba biyu ba sa zama a lamba ɗaya. Ta biyun za ta ƙi tashi. Sai ka ba ta 5557, ta uku 5558, ka buɗe kowace a rawuta, na'urar da ke haɗa injin da intanet, ka kuma san wacce ke tafiya ta TCP, wacce ta UDP, wato hanyoyi biyu na aika bayanai a intanet. Factorio UDP yake bi. Ka buɗe masa TCP, kuna iya kwana kuna neman inda matsalar take.

Wannan ɓangaren shi ne mai sauƙi, kuma iyakar abin da yaran nan masu kwaikwayo suka sani ke nan. Yaro zai kalli bidiyo ɗaya, ya ɗauko laftof ɗin da yake kallon fim da ita, ya sauya lambar ƙofa, ya shiga WhatsApp yana shelar cewa shi ma yana riƙe saba a rabin kuɗina. Wata ƙungiya ta taɓa zuwa min da fuska a murtuke. Sun daɗe suna gina daularsu a Freeciv wurin irin wannan yaron, ashe ya tayar da wasa biyu daga jaka ɗaya, suna ajiya da suna iri ɗaya. Da injin ya mutu aka tayar, sai suka tarar da kansu cikin taswirar wasu mutane, nasu kuwa an rubuta wani a kansa. Shugaban ƙungiyar ya miƙo min filashi ya ce, "Malam, don Allah duba ko akwai abin da ya rage." Babu. Abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi.

A wurina kowane wasa yana da sunan mai amfani nasa a cikin Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da injin, da jakarsa, da fayil ɗin saitinsa, da wurin ajiyarsa. Sabar ƙungiyar Kashere ba ta da ikon ko leƙa jakar 'yan Bauchi, balle ta goge musu wani abu. Kowace kuma na ɗaure ta a ƙarƙashin systemd, mai kula da manhajoji a Linux, ta yadda in ta faɗi za ta tashi da kanta daga ajiya ta ƙarshe, ko ina barci.

Amma inda gwaninta take shi ne sanin halin kowane wasa, domin ba nauyi ɗaya suke da shi ba. Sabar OpenRA 'yar aike ce kawai: tana karɓar umarnin wannan ta miƙa wa wancan, lissafin yaƙin kuwa a kwamfutocin 'yan wasa ake yi. Ita da Wesnoth ba sa cin komai, kana iya tara su da yawa ba ka ji ba. Freeciv dabam yake. Duk duniyar wasan a hannun saba take, har da ƙasashen da kwamfuta ke jagoranta, don haka tana iya yin shiru tsawon lokaci, sai a ƙarshen zagaye ta yunƙuro ta shanye firosesa, ƙwaƙwalwar injin, na ɗan lokaci, ta sake kwantawa. OpenTTD da Factorio su ne manyan maciya. A cikinsu saba da kowane ɗan wasa duk suna lissafa abu iri ɗaya a lokaci ɗaya, taku da taku, kuma in lissafin wani ya saɓa ko da kaɗan ne, sai a fitar da shi ya sake shigowa. Factorio sau 60 yake sabunta duniyarsa a kowace daƙiƙa. Masana'anta na girma, nauyin na ƙaruwa, kuma ko da yake firosesa tana da kawuna da yawa masu aiki tare, yawancin aikin a kan kai ɗaya yake hawa. Shi ya sa in wani ya zo yana min kuri cewa injinsa na da kai goma sha shida, nakan tambaye shi gudun kai ɗaya nawa ne. OpenTTD ma haka: taswira tana iya kaiwa 4096 sau 4096, kamfanoni har 15, kuma kowace ƙungiya in ka bar ta babbar za ta zaɓa. Ba na bari. Mutum shida ba su da abin yi da wannan faɗin, sai dai su wahalar da mai ƙaramar laftof a cikinsu, wanda shi ma dole ya lissafa kowane jirgin ƙasa da ke yawo.

Saboda haka manyan nan biyu kowanne na ware masa kansa na firosesa, ƙananan su raba sauran. RAM ma, wato ma'adanar wucin gadi ta injin, na yanka wa kowa iyakarsa. Dalili kuwa, in ma'adana ta cika, Linux ba ya shawara da kowa, yakan kashe wanda ya fi ci, kuma sau da yawa wanda ya fi ci ɗin shi ne wasan da mutane suka fi daɗewa a kai. Gara mai haɗamar ya tsaya a iyakarsa shi kaɗai. Har lokacin ajiya ta atomatik na rarraba, kada su haɗu su danne faifai a minti ɗaya kowa ya ji wasansa ya ɗan ƙame. Ba wanda ya taɓa gode min kan wannan, don ba wanda ya san ana yi.

Wannan tsantsenin a wata kafe ta intanet na koyo shi, zamanin da ake layi don cike fom ɗin jarrabawa da duba sakamako. Maigidana mutum ne mai ƙarancin magana. Aikin farko da ya ba ni shi ne matse kan kebul, kuma sai da na haddace jerin launukan nan takwas kamar karatun allo: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. In na gama ya ɗaga kan zuwa haske, ya ƙanƙance ido, in ya ga waya ɗaya ba ta kai ƙarshe ba sai ya sa almakashi ya datse, ya miƙo min ba tare da ya ce uffan ba. Kowane kebul sai an liƙa masa takarda mai lamba a kai biyu. Bayan Isha'i, in an rufe shago, shi da kansa yake cewa a haɗa injinan mu buga Red Alert 2, kuma a nan na fara kokawa da IPX, tsohuwar ƙa'idar da wasan ke bi wajen haɗa kwamfutoci, na fara gane cewa wasa tsakanin kwamfutoci magana ce ta wa ke saurare, a ina, da wane yare. Har yau akwai littafi mai bangon kwali a kan kantata: sunan ƙungiya, wasa, siga, lambar ƙofa, jaka. Allah ya saka masa da alheri.

Sai kuma Gombe kanta. Wajen Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, kuma firosesa in ta ji wuta takan rage gudu don ta kare kanta, wasan kowa ya yi sanyin jiki. Lokacin hunturu kuma ƙura ce, takan toshe ramukan iska ta yi kauri kamar auduga. Ina buɗe akwatin a kai a kai in hure shi, in sabunta man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya. Wuta kuwa ban taɓa jingina da ta layi ba. Injin da rawuta suna kan inbata da sola, kuma in batir ya yi ƙasa sosai, sabobin za su yi ajiya su rufe da kansu cikin mutunci. Masu sayar da batir su ma na sha fama da su, mutum ya goge tsoho ya manna sabuwar takarda ya rantse maka, amma wannan labarin wata rana ne. Yanzu ba na karɓa sai na gwada da lodi a gaban mai shi. Yaron laftof fa? Da an ɗauke wuta batirinsa ya yi minti arba'in, shi ke nan, ko kuma ƙanwarsa ta rufe murfin.

Akwai abin da yake ba mutane da yawa mamaki. Layin data na waya yawanci ba ya ba ka adireshi naka na kanka. Kai da ɗimbin jama'a kuke raba ɗaya, don haka duk ƙofar da ka buɗe a rawutarka ba mai isowa gare ta daga waje. Starlink ma, intanet na tauraron ɗan adam da ya shigo Nijeriya a farkon 2023, haka tsarinsa na gida yake. Mafita ita ce ko ka samu adireshi tsayayye daga mai ba ka intanet, ko ka haƙa rami, wato keɓaɓɓiyar hanya, da manhajar WireGuard zuwa wata 'yar saba ta haya mai adireshi, ko ka tara ƙungiyar a cikin ZeroTier, manhajar da ke haɗa kwamfutoci kamar suna ɗaki ɗaya. OpenTTD ya sauƙaƙa wa mutane tun siga ta 12 a 2021, da lambar gayyata da ke ratsa wannan shingen, amma sauran sai ka yi aikinka. Kuma gudun turawa ya fi gudun saukewa muhimmanci a wurin mai saba, domin duk sabon shigowa OpenTTD ko Factorio sai an tura masa taswirar gaba ɗaya. Masu kwaikwayo gudun saukewa suke nuna wa kwastoma a waya, don shi ne lambar da ta fi girma.

Sigar wasa ba na taɓa ta sai an gama zango. Sabuwa ta fito, wani ya sabunta tasa, saba ta ƙi karɓarsa, ya kira ni da dare: "Oga, abinka ya lalace." Ba abin da ya lalace, ɗan'uwa, kai ne ka yi gaba ka bar jama'a. Tun ranar farko nake rubuta wa kowace ƙungiya sigar da za su tsaya a kai da ƙarin kayan da aka yarda da su, kuma ina riƙe da tsofaffin sigogi a gefe, kowace a jakarta, don ƙungiya biyu na iya buga wasa ɗaya a siga biyu.

Lokutan wasa ma da ni ake tsara su. 'Yan OpenTTD na saita musu wasan ya tsaya da kansa in ba kowa a ciki, don kada su tafi sallar Magariba su dawo su tarar shekaru sun shuɗe, motocinsu sun tsufa. Ma'aikata masu Freeciv kuwa zagaye ɗaya suke yi a rana, na sa musu awa 23 kamar yadda masu dogon wasa suke yi a wasu ƙasashe, ta yadda lokacin juyawar zai riƙa matsawa da awa ɗaya kullum, kada mai aikin dare ko mai aikin safe ya dawwama da riba. Da azumi komai yakan koma bayan Tarawihi, kusan duka ƙungiyoyin su hau a lokaci ɗaya har zuwa sahur, shi ya sa tun a Sha'aban nake hure injin, in gwada batura, in kwafe ajiyar kowa zuwa faifai na biyu da nake ajiyewa a gida. Ƙungiyar da ke son fili a watan, ta zo kafin a ga wata, da sunan wasan da yawan mutanenta, kuma ta zo da mai mafi raunin laftof a cikinsu, don da injinsa zan auna girman taswirar da zan ba su.