Kwana Bakwai a Mota Mai Ɗaki a Gaɓar Tafkin Superior

A ƙarshen watan Yuni ne ni da maiɗakina da yaranmu biyu muka ɗauki hayar mota mai ɗaki, irin wadda Amurkawa suke kira RV, muka bar birnin Minneapolis muka nufi arewacin jihar Minesota domin mu yi mako guda a gaɓar Tafkin Superior. Tsawon motar ya kusa mita 8, kuma a cikinta akwai gadaje, da ɗan madafi mai murhun gas, da firiji, da makewayi haɗe da wurin wanka. Ranar da na je karɓarta, ma'aikacin kamfanin ya zagaya da ni yana nuna mini tankuna da makunnai, amma hankalina duka yana kan yadda zan tuƙa abu mai girma haka. Tuƙin bai ba ni wahalar da na zata ba. Bayanin ruwa da wuta, wanda ban saurara da kunnen basira ba, shi ne ya zame mana jigon tafiyar.

Daga Minneapolis zuwa Duluth tafiyar kilomita 250 ce ko kusa da haka, daga nan kuma hanya mai lamba 61 take ɗaukar matafiyi ta bi bakin ruwa har iyakar Kanada. Da muka gangaro daga tudun da ke bayan Duluth muka hango tafkin, sai kowa a motar ya yi shiru. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 82,000, kuma babu tafkin ruwan daɗi da ya fi shi faɗi a duniya. Ni da na tashi ina jin labarin girman Tafkin Cadi, wanda ko a shekarun 1960 da yake cike bai wuce murabba'in kilomita 25,000 ba, sai na tarar da ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa, yana tumbatsa kamar teku.

Zangonmu na farko shi ne gandun jiha na Gooseberry Falls, wanda ya yi suna saboda ruwan kogin da ke zubowa daga kan duwatsu hawa-hawa. Gandayen jihar suna buɗe rajistar wurin kwana tun saura kwana 120, kuma wuraren da ke bakin wannan tafki suna ƙarewa da wuri, saboda haka tun cikin hunturu muka kama namu. Shigar da motar cikin gurbinta da ribas ya ɗauke ni lokaci, sai da maiɗakina ta tsaya a inda nake ganinta ta madubi tana yi mini nuni da hannu. Bayan haka muka sa guntayen katako a ƙarƙashin tayoyi har motar ta daidaita, domin firijin da ke aiki da gas ba ya sanyi yadda ya kamata idan motar ta karkata.

Wuraren kwana na wannan gandu ba su da layin lantarki, na kuma san haka tun kafin mu zo, sai dai ban auna abin da hakan yake nufi ba. Ruwan tafkin yana da sanyi ƙwarai ko da bazara, iskar da ke tasowa daga kansa kuma tana sanyaya gaɓar baki ɗaya. Da dare ya raba sai sanyi ya sauko irin na tsakiyar hunturun Jos, muka kunna na'urar ɗumama ɗaki muka bar ta tana aiki. Na ɗauka gas kaɗai take ci, ashe fankar da ke hura ɗumin daga batir take jan wuta, kuma batirin nan shi ne yake riƙe da fitilu da injin tura ruwa. Kafin asubar dare na biyu batirin ya mutu. Akwai janareta a motar, amma dokar gandun ta hana hayaniya daga ƙarfe 10 na dare zuwa 8 na safe, doka ce kuma da nake ganin ta dace, domin mutane sun yi doguwar tafiya ne su ji motsin ruwa da kukan tsuntsaye. Muka haɗa yaran a gado ɗaya, muka lulluɓe su da duk barguna da rigunan sanyin da muke da su.

Batun ruwa ne ya fi tsaya mini a rai. Motar tana da tankuna uku: na ruwa mai tsabta, wanda yake ɗaukar lita 150 ko kusa da haka, da na ruwan wanke-wanke da wanka, da na makewayi. A gida mutum yana buɗe famfo bai san inda ruwan ya fito ba balle inda ya tafi, amma a nan duk abin da ya zuba daga tanki na farko yana taruwa ne a ɗayan biyun, kuma da kai za a ci gaba da yawo da shi. Mu huɗu muka yi girki da wanke-wanke da wanka da alwala yadda muka saba, sai ga shi da yammacin rana ta biyu ruwan wanke-wanke ya fara tasowa ta magudanar wurin wanka, alamar tankinsa ya cika, na ruwa mai tsabta kuma ya kusa ƙarewa. Maiɗakina ce ta kawo gyara. Ta ce, "Maigida, mu koma yadda muka tashi a gida, buta da bokiti." Daga ranar muka riƙa ɗebo ruwa a jarka daga famfon filin, muna alwala da buta a waje, muna wanke kwanuka a roba biyu, wanka kuma a bandakunan gandun. Ruwan da ya ƙare mana cikin kwana biyu sai ga irinsa ya kai mu kwana huɗu.

Lokutan salla ma sun buƙaci shiri. A wannan yanki, a ƙarshen Yuni, rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, isha'i tana shiga bayan ƙarfe 11, alfijir kuma yana ketowa wajen ƙarfe 3, ta yadda barcin da ke tsakaninsu kaɗan ne ga wanda zai tuƙa babbar mota da safe. Na koyi yin ƙailula bayan azahar, na kuma daina tashi da mota da sassafe. Alƙibla daga can tana arewa maso gabas ne, kuma da yake layin waya yana ɗaukewa a wurare da dama, ƙaramin kamfas na hannu ya fi manhajar waya amfani.

Sauro da wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo suna da yawa a watan Yuni, musamman cikin daji inda iskar tafki ba ta kaiwa, don haka riga mai dogon hannu da maganin shafawa dole ne. Abinci da shara ba sa kwana a waje saboda wata babbar baƙar dabbar daji da ake kira beyar. Itacen hura wuta kuwa a wurin ake saye, domin an hana shigo da shi daga nesa saboda wani ƙwaro da ke ɓuya a cikinsa yana kashe bishiyoyi.

Mun tsaya a Split Rock mun ga hasumiyar fitilar da aka kunna a 1910 a kan dutse mai tsayin mita 40, bayan guguwar Nuwamban 1905 ta lalata jiragen ruwa da dama a tafkin. Daga nan muka wuce Grand Marais, ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa, inda muka sami wuri mai lantarki a filin zango na garin. A nan ne wani dattijo da ya yada zango kusa da mu ya tsaya a kaina ina zubar da tankuna karo na farko da kaina ba tare da gaggawa ba. Ya nuna mini cewa a sa safar hannu, a fara buɗe na makewayi, sannan na wanke-wanke ya biyo baya ya ɗauraye tiyon, kuma kada tiyon ruwan sha ya taɓa kusantar wannan aiki. Shi ne kuma ya tambaye ni dalilin da ya sa muke shirin sauya zango kusan kullum. Da na duba sai na ga gaskiyarsa, domin kowane tashi yana cin rabin yini wajen tattara kaya da ɗaure su, da cire waya, da neman mai, da sake daidaita mota a sabon wuri. Muka soke zango biyu da suka rage, muka zauna a Grand Marais.

Rana ɗaya kawai muka ware muka bi hanyar Gunflint, wadda take barin garin ta kutsa cikin daji kilomita 92 tana ratsa ƙananan tafkuna har kusa da iyakar Kanada. Ba mu kai ƙarshenta ba. Mun tsaya a bakin wani tafki da ruwansa yake kwance lumui, maiɗakina ta dafa shayi, yaran suna jefa tsakuwa a ruwa. Can sai wani tsuntsun ruwa mai baƙin kai da jan ido, wanda ake kira lun, ya yi wani dogon kuka daga tsakiyar tafkin, wani ya amsa masa daga nesa. Ƙaramar 'yata ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, mu jira ya sake." Muka zauna a kan dutsen har la'asar ta yi, sannan na ɗauko buta.