Godiya a wurin aiki: yadda ake yin ta har ta shiga

Ka tambayi shugaba ko yana gode wa ma'aikatansa, zai ce maka kullum ma. Ka zagaya ka tambayi ma'aikatan, sai su yi shiru suna ƙoƙarin tuna ranar. Sau da yawa babu maƙaryaci a cikinsu. Shugaban yana lissafa "sannunku da ƙoƙari" da yake jefawa a ƙarshen taro yana tattara takardunsa, su kuwa ba su taɓa ɗaukarta a matsayin godiya ba, domin wanda ya kwana kan aikin da wanda ya zo ya sa hannu ya tafi duk ita aka ba su.

Godiyar da ke shiga tana ɗauke da abu uku: abin da mutum ya yi, abin da ya ci masa, da abin da ya haifar. Ɗauki akanta da ta gano kuskure a takardar albashi kafin a tura banki. Manaja ya tsaya bakin teburinta ya ce: "Malama, na ga jiya kin zauna har bayan tashi kina bin takardar nan layi-layi, kin gano an maimaita sunaye biyu. Da ta tafi a haka, da mun kwashe mako muna fafutukar dawo da kuɗin. Na gode." Maganar ba ta kai rabin minti ba, amma ta nuna mata cewa an ga aikin, an san wahalarsa, an kuma san darajarsa. Kashi na ukun shi aka fi mantawa, alhali shi ya fi nauyi, domin ma'aikata da yawa ba sa ganin inda aikinsu ke ƙarewa. Mai shigar da bayanai a kwamfuta ba ya wurin lokacin da abokin ciniki ya ji daɗi. Sai an dawo an gaya masa.

A yi ta da zafinta, cikin kwana ɗaya ko biyu. Wadda aka ajiye sai taron ƙarshen shekara ta riga ta huce, kuma a lokacin shugaban kansa ya manta takamaiman abin da ya faru, sai ya koma ga "mai ƙwazo ne, mai biyayya ne".

Abu biyu ke kashe ta nan take. Na farko "amma": an gode, amma rahoton ya yi tsawo. Da zarar kalmar ta fito, mai saurare ya share duk abin da ya gabace ta. Gyara yana da lokacinsa, a ware masa wani zaman. Na biyu shi ne rataya mata sabon aiki: "Ka yi ƙoƙari sosai, shi ya sa nake so ka karɓi wannan ma." In aka yi wa mutum haka sau biyu sau uku, zai koyi cewa yabo sallamar ƙarin kaya ce, har ya riƙa ɓata rai tun kafin a gama yabon.

Batun a gaban jama'a ko a keɓe, ba kowa ke son a kira sunansa a taro ba. Wani zai ji daɗi, wani zai ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, wani kuma yana tsoron abokan aiki su ɗauke shi ɗan lelen oga. Tambaya ɗaya ta isa: "Ina so in ambaci aikin nan a taron Litinin, ba damuwa?" In aikin na mutane da yawa ne, a nemi jerin sunaye daga wanda ya jagorance su kafin a tura saƙo. Suna ɗaya da aka tsallake cikin shida yana ɓata godiyar sauran biyar ɗin, domin duk za su lura.

Inda ya kamata shugaba ya fi sa ido shi ne su wa godiyarsa ke tsallakewa. Ido yana ganin wanda ya kashe gobara, ba ya ganin wanda ya hana ta tashi. Ma'aikacin da ya bari aiki ya taru masa, sannan ya kwana ofis ya gama a daren ƙarshe, shi ake tafa wa. Wanda ya tsara nasa ya miƙa kwana uku kafin wa'adi, ba wanda ya ji labarinsa. In aka daɗe a haka, ofis gaba ɗaya zai fahimci cewa hanyar samun yabo ita ce kwana a wurin aiki. Haka masu gadi, masu shara, direbobi, masinjoji da masu kula da kwamfutoci: ba a tuna su sai ranar da wani abu ya lalace. Maganin mai sauƙi ne. Shugaba ya rubuta sunayen duk waɗanda ke ƙarƙashinsa a takarda guda, ya riƙa sa alama da kwanan wata duk lokacin da ya gode wa wani. Bayan wata biyu ya duba. Galibi zai tarar alamomin sun taru kan mutum uku ko huɗu da suka fi kusa da ofishinsa. Ba ana nufin ya ƙirƙiro yabo ga sauran ba ne. Ya tashi ya je ya ga abin da suke yi.

Rubutacciyar godiya ta fi daɗewa. Douglas Conant, wanda ya shugabanci kamfanin Campbell Soup na Amurka daga 2001 zuwa 2011, ya rubuta wa ma'aikatansa takardun godiya kusan 30,000 da hannunsa, kowace tana magana kan wani takamaiman aiki. Indra Nooyi, lokacin da take shugabantar kamfanin lemo da kayan ciye-ciye na PepsiCo, iyayen manyan ma'aikatanta ta rubuta wa wasiƙu tana gode musu. Ba sai an kai can ba. Layi huɗu sun isa, kuma in ta imel ce, a sa shugaban sashe ya gani, a ajiye kwafi a fayil ɗin ma'aikacin, don ta yi masa amfani ranar da ake duba ƙarin girma.

Sai dai godiya ba ta biyan haƙƙi. A 1959 masanin halayyar ɗan Adam Frederick Herzberg da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin birnin Pittsburgh na Amurka. Sun raba al'amuran aiki gida biyu: albashi, yanayin wurin aiki da dokokin kamfani, waɗanda in sun lalace suke jawo ƙorafi, sai kuma cin nasara a aiki, yabawa da ba da amana, waɗanda suke sa mutum ya zage damtse. Masana sun yi ta muhawara kan wannan rabo, amma darasinsa a aikace yana nan: ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Shugaban da ke riƙe da alawus na wata uku, ya kuma buga takardar yabo mai ado ya raba, ya ƙara wa mutane haushi ne kawai. A fara biya, ko aƙalla a faɗi gaskiyar ranar da za a biya.

Kyautar gwarzon ma'aikaci na wata ma tana da nata ciwon. In cancanta ake bi, mutum biyu za su yi ta lashewa. In karɓa-karɓa ake yi, kowa ya san layi ne kawai ya zo kansa.

Godiya zuwa sama ta fi wuyar sha'ani, domin tazarar da ke tsakaninta da fadanci kaɗan ce. Abin da ke raba su shi ne a gode kan hukunci ko aikin da manaja ya yi, a bar yabon halinsa. "Yallaɓai, kai uba ne a gare mu" bambaɗanci ne. "Yallaɓai, na gode da ka tsaya a taron jiya ka ce kai ka amince da tsarin, ba ka bar laifin a kaina ba" godiya ce, kuma tana nuna masa abin da ya kamata ya ci gaba da yi. A nisanta ta da lokacin duba ƙwazo ko neman hutu, kada kuma a biyo ta da buƙata a zama ɗaya. Manajojin tsakiya sun fi kowa ƙishirwarta: na sama suna matsa musu, na ƙasa suna yi musu ƙorafi, kuma yawancin abin da suka tare wa ma'aikatansu ba a taɓa sani. In kana so ta amfane shi, ka faɗa wa shugabansa.

Kyauta kuwa a yi hattara. A Amurka akwai ranar shugabanni, 16 ga Oktoba, wadda wata sakatariya, Patricia Bays Haroski, ta yi wa rajista a 1958, kuma har yau ana sukar ranar saboda karo-karon da ake sa ƙananan ma'aikata su yi wa wanda ya fi su albashi. Dokar ma'aikatan gwamnatin tarayyar ƙasar ma ta hana ba shugaba kyauta, in ban da 'yar ƙaramar da ba ta wuce dala 10 ba a wasu lokuta, ko kuma a manyan sha'anoni irin aure da ritaya. Kyauta a wurin aiki daga sama take gangarowa. In ma'aikata suna son yi wa manaja wani abu, kati guda da kowa ya rubuta layinsa ya wadatar, kuma kada a bi teburi-teburi da takardar sunayen waɗanda suka bayar.

Shi kuma manajan da aka gode wa, kada ya ture ta da "ai aikina ne". Wanda ya zo ya faɗa sai da ya yi ta saƙa da warwara kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ya ce ya ji daɗi, in kuma akwai hannun wasu a cikin abin, ya ambaci sunayensu, sannan ya isar musu da saƙon a ranar.