Ashe taswirar da ke allon mota ba ita ce tiraka ba

Wata biyu ke nan da na sayi Camry ta hannu, wadda aka shigo da ita ta Kwatano. Da na ga allonta yana nuna taswira sai hankalina ya kwanta, na ɗauka ko an sace ta zan gano inda take. Taswirar ma titunan Amurka ne a ciki, amma ban kawo komai a raina ba.

Jiya na kai ta wurin mai gyaran wayarin mota saboda fitila, na yi masa zancen. Ya ce, "Alhaji, wannan karɓar saƙo kawai take yi daga tauraron ɗan'adam, ta nuna maka inda kake. Ba ta aika wa kowa komai." Tiraka kuwa ɗan akwati ne mai layin waya a ciki, shi ke tura wurin da motar take zuwa wayarka, wani ma har ya kashe injin daga nesa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da ya ce wani lokacin tsohon mai mota yakan bar nasa a ciki, yana ganin duk inda ka je. Nan take na ce ya bincika. Ya duba ramin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar gano matsalar mota, ya buɗe wajen fiyus, ya bi wayoyin batir. Babu komai, alhamdulillahi.

Da wannan motar nake kai yara makaranta kullum. Ranar Asabar zan sa nawa tirakan, da layin da aka yi wa rajista da sunana.