Kwana goma sha biyu a Landan, da ranar da na sauka ƙasan bene

Awa shida da wani abu muka yi a sama daga Abuja, muka sauka Heathrow a watan Disamba, sanyin da ya tare ni a bakin ƙofa wallahi ban taɓa jin irinsa ba, har cikin haƙori yake shiga. Yayana ne ya zo ɗaukata, shekararsa tara a can yana aiki a gidan kula da tsofaffi. Muka shiga jirgin ƙasan nan na ƙarƙashin ƙasa, layin Piccadilly, na yi sallama da na zauna kamar yadda na saba, ba wanda ya ko ɗago kai. Yaya ya ɗan taɓa ni ya ce kar in damu, haka suke, ba wulaƙanci ba ne, kowa ganin yake bai kamata ya shiga sabgar wani ba.

Gaskiya akwai abubuwan da suka burge ni kuma ba zan ɓoye ba. Layi dai layi ne, babu wani wai ka san ni ko waye. A matattakalar nan mai tafiya da kanta kowa ya tsaya dama ya bar hagu wa masu sauri. Amma wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne ranar da bas ta tsaya, direba ya sauko da wani faranti daga ƙofar tsakiya, wata mata mai keken guragu ta gangara ta shiga da kanta ba tare da ta roƙi kowa ba, mutane suka matsa mata a wurin da aka ware dominta. Na tuna guragunmu da ke rarrafe a bakin danja cikin rana, sai da idona ya kawo ruwa. Wannan kam sun yi abin a yaba, sun ɗauka cewa ɗan Adam yana da haƙƙi ko da ba shi da kowa.

Rana ba ta daɗewa a lokacin, kafin ƙarfe huɗu magariba ta yi, azahar da la'asar da magariba duk a jere suke zuwa kamar ana kora su. Saboda haka da wuri na fita ranar da zan je gidan tarihin Birtaniya, wanda aka kafa tun 1753, kuma shiga kyauta ne. Mutane maƙil wajen kayan Misira da na Girka, sai da na tambaya aka nuna min inda kayan Afirka suke, ka bi matattakala ka sauka ƙasa, ɗaki na 25. A nan na ga allunan tagullar masarautar Benin, wadda ke jihar Edo ta yanzu, an jera su jikin sanduna, sarki da dogarai da 'yan kasuwar Fotugal da dogon gashinsu, aiki ne mai kyau ƙwarai, ƙananan zane a jikin tufafi duk an fitar. A 1897 sojojin Ingila suka ci birnin, aka ƙona shi, aka kwashe kayan fada, aka kai sarkinsu, Oba Ovonramwen, Kalaba har ya rasu a can. Kayan Benin wajen guda 900 ne ke wannan gidan kaɗai. Jamus a 2022 ta miƙa wa Nijeriya mallakar sama da 1,000 da ke hannunta, su kuwa nan suna da dokar 1963 da ta hana gidan rabuwa da kayan da ke cikinsa.

Ina tsaye ina kallo wani dattijo Bature da shi ma kallo ya zo ya matso ya tambaye ni daga ina nake, na ce Kano a Nijeriya. Abu na farko da ya fito daga bakinsa Boko Haram, sai kuma ya yaba min wai na iya Turanci. Daga nan ya ce ai gara da kayan suke nan, da an bar su can da yanzu sun lalace ko an sace. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, fuskarsa a sake take, kuma wannan ne ma ya fi yi min ciwo, don da gaske ya yarda da abin da yake faɗa. Na ce masa ranka ya daɗe, kayan nan sun yi ɗaruruwan shekaru a fadar masu su kafin a zo da bindiga, wa ya adana su duk tsawon lokacin? Na ba shi labarin badalar Kano da kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, na ce masa a 1903 sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato, kuma a shekarar aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Bai taɓa jin ko ɗaya ba, a makaranta ba a koya masa ba. Ya tsaya ya saurara kam, har ya ce in rubuta masa sunan Burmi a takarda, na rubuta.

A hanyar komawa abin ya yi ta yi min yawo a kai. Ni tun ina firamare na san Landan da kogin Thames da Sarauniya, yaran unguwarmu sai su yi wata ba sa ga maciji a kan Arsenal da Chelsea, amarya sai ta sa farar riga an yanka kek ake ganin biki ya cika, BBC tun 1957 take mana magana da Hausa, mun san su ciki da bai. Su kuwa mu a wurinsu ko yunwa ko rikici ko kayan tarihi a bayan gilashi. Kuma ban ce duk laifin nasu ne ba, mu ma nawa ne cikinmu suka taɓa kai yaransu gidan tarihi, nawa ne suka san Burmi ɗin?

Da daddare na ba Yaya labari, ya yi shiru, can ya ce a wurin aikinsu akwai tsohuwar da 'ya'yanta sai Kirsimeti suke leƙo ta, shi ke mata komai, kullum sai ta riƙe hannunsa ta ce masa ɗana. Ya ce gwamnati ta ba ta gado da magani da abinci a kan lokaci, abin da iyayenmu da yawa ba sa samu, amma hira ba ta da mai yi mata sai baƙon da ya zo daga ƙasar da ba ta san inda take a taswira ba.

Saura kwana biyu in taho, 'yar Yaya mai shekara bakwai, wadda a can aka haife ta, in ka yi mata Hausa da Turanci take amsawa, ta zo ta zauna kusa da ni ta ce a makarantarsu an tara kuɗi don yaran Afirka, ta tambaye ni ko yaran Kano suna da takalmi. Na kalli Yaya, ya sunkuyar da kai. Na ce mata akwai masu shi akwai marasa shi, kamar yadda na ga masu kwana a bakin shaguna cikin wannan sanyin a nan ma. Sai na ɗauko waya na buɗe mata bidiyon hawan Daushe da na ɗauka da hannuna, dawakai da kwalliya, 'yan lifida, algaita na tashi, jama'a ko'ina. Sau huɗu ta sa na maimaita mata. Ta ce Baffa wannan garinmu ne? Na ce garin ubanki ne da kakanki. Ta tashi a guje ta tafi kicin tana tambayar mamanta yaushe za a yi hutu mai tsawo, kuma ko mata ma ana barinsu su hau doki.