Godiya ga waɗanda sunka ba ni makulli

Assalamu alaikum jama'a. Yau na biya kuɗin hayar ɗakina na shekara guda cif a unguwar Mabera cikin birnin Sakkwato, da gumina, rasit ɗin ma yana aljihuna yanzu haka, shi ya sa na ce ba zan kwanta ba sai na yi wagga godiya a bainar jama'a.

Wanda ya san ni ya san daga gabashin Sakkwato na hito. Ƙarshen 2021, lokacin da anka kai hari kasuwar Goronyo, ƙauyukkanmu sunka watse, kowa ya yi ta kansa, mahaifiyata da ƙannena sunka tsallaka wajen dangi a Nijar ni kuma na shigo birni da leda guda da kaya kala biyu. Tashar mota na fara kwana, daga baya rumfunan kasuwa, ranar da masu gadi sunka kore mu sai barandar masallaci. Wallahi sanyin hunturun Sakkwato sai wanda ya kwana kan kwali ya san shi, ga kuma zahin Afrilu da ma'auni ke wuce 40, ba ka da inda za ka watsa ruwa sai ka biya. Sau biyu ana zare mani waya ina barci.

Abin da mutane ba su gane ba, ba aikin ne babu ba. Na yi dako, na yi turin baro, na samu na abinci. Amma duk shagon da na je neman koyon sana'a tambaya guda ce, ina kake zaune, wa zai tsaya maka? In ka ce tasha shi kenan magana ta ƙare, kuma ban ga laihinsu ba, wa zai ba yaron da bai san makwancinsa ba kayan dubbai. Ko ka tara kuɗi ma ina za ka aje su?

To a nan ne Allah ya haɗa ni da wasu bayin Allah 'yan shiyya guda, 'yan kasuwa da malaman makaranta, da ke haɗa kuɗi duk wata suna kama wa samari irina ɗaki. Ba kyauta ba ce ta sakaka, akwai sharaɗi. Wata shida na farko ba ka biyan ko sisi, bayan nan ka fara kawo kaɗan, dole ka riƙe sana'a, dole ka shiga adashe, ba shaye-shaye, ba kwanan waje. Da farko na ji nauyin dokokin, yanzu kam na san su ne sunka tsayar da ni. Daren farko da na kulle ƙohwa daga ciki ban yi barci ba, na yi ta tashi ina taɓa makullin.

Baba Alhaji mai gidan, Allah ya saka maka da Aljanna. Bayan an cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, masu gidaje sunka ƙara haya, kai ko kwabo ba ka ƙara ba, cewa ka yi yaran ga ɗiyanka ne. Inna, ke da kike aiko mana tuwo da miyar kuka duk daren da kika ji shiru ba mu kunna risho ba, kuma ba ki taɓa tambaya ba balle mu ji kunya, ban da bakin gode maki. Malam da ya bi ni da ƙafa har Madunka, shiyyar masu aikin fata, ya tsaya mani gaban maigidana, ya ce in wani abu ya ɓace shi za a tambaya, Allah ya tsaya maka ranar da babu mai tsayawa.

Sai maigidana. Fata nawa na ɓata maka kafin hannuna ya faɗa, basilla nawa na karya, ba ka taɓa cire mani a kuɗin abinci ba. Kai ka koya mani bambance fatar jar akuyar Sakkwato da sauran tun daga taɓi, yau ga shi ina yanka takalmi da jaka da tumtum ni kaɗai, har oda nake samu ta WhatsApp daga Kano da Abuja. Na gode Oga, na gode.

Abokan ɗakina biyu da munka raba tabarma da garin kwaki, ban manta ku ba, ɗaya na walda yanzu ɗaya na gyaran waya.

Jiya bayan la'asar na mayar da makullin tsohon ɗakin, anka miƙa shi ga wani yaro daga Isa wanda shi ma a tasha anka same shi. Na bar masa katifata da bokiti. Kwanon ɗakin na yoyo ta gefen taga, muna son a gyara kafin damina ta sauka, kuma akwai samari da yawa da ke jiran layi. Duk mai ɗakin da ba ya amfani da shi cikin gari, ko bandir ɗin kwano, ko tsohuwar katifa, ya yi mani magana ta inbos zan kai shi wajen Malam da kaina.