Baba Koci da akwatin litattafansa

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je Mabera gaisuwar rasuwa gidan wani abokin aikina, na fito ke nan zan tada mashin sai na ji an busa usur a bayana, gajere sau biyu sannan dogo guda. Wallahi kafin kaina ya gane abin da ake ciki jikina ya riga ya miƙe, na ƙame kamar wanda ke jiran a ce a kan layi. Kusan shekara ashirin rabona da jin busar nan. Ina waiwayawa sai ga Baba Koci zaune bisa tabarma ƙarƙashin dogonyaro, ya rame, gemu ya yi fari fat, amma usur ɗin nan yana rataye a wuya kamar laya, yana ta ƙyaƙyata dariya.

Na durƙusa na ce Allah shi gafarta Malam, an wuni lahiya. Bai ma amsa gaisuwar ba sai da ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan nan, wanga tumbi ne ko tulu? Yanzu ai mita ɗari huɗu sai dai a zagaya da kai cikin keke napep."

Ba zan faɗi sunansa ba don ba ya son irin wannan, kuma duk wanda ya yi kwalejinmu ya san wa nake nufi. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana horar da masu gudu da tsalle da jifa kafin ya yi ritaya, ya horar da uba ya zo ya horar da ɗa, har akwai wadda ya koya wa dogon tsalle daga baya 'yarta ta zo ta yi jifan mashi a hannunsa.

Mu lokacinmu filin kwalejin ba wani shimfiɗaɗɗen roba ba ne irin na talabijin, jar ƙasa ce da tsakuwa, in damina ta wuce kuma ƙarangiya da tsidau su cika ko'ina. Farkon kowane zango shi da kansa zai zo da tef da igiya da turaku ya sake auna mita 400, mu kuma muna biye da gwangwanin madara da aka huhhuda muna zuba toka a kan layi. Tokar ma daga wurin masu tuyar masa da ƙosai na bakin get muke roƙowa. A nan na fara sanin abin da ya sa ba a jera masu tseren mita 400 kafaɗa da kafaɗa wurin tashi. Ranar farko wani ɗan Gwadabawa da aka sa layi na ɗaya ya ce shi bai yarda ba, an cuce shi, ga wani can gaba an ba shi rata tun ba a fara ba. Baba bai yi gardama da shi ba, igiya ya ba shi ya ce ya auna da hannunsa. Faɗin kowane layi mita 1.22 ne, kuma duk layin da ka matsa waje zagayen yana ƙaruwa da mita bakwai da wani abu, shi ya sa na layi na takwas yake tsayawa gaba da na layin farko da fiye da mita hamsin alhali nisan da za su yi duk ɗaya ne. Yaron ya gama awo ya dawo yana sosa ƙeya. Daga baya shi ne ya zama kyaftin ɗinmu.

Yadda yake samo mutane ma abin kallo ne. Ba ya jiran ka zo ka ce kana so. Zai tsaya gefe lokacin intahawus, ko ya je inda yara ke langa da dare, ko ya zauna bakin hostel yana kallon yadda ake rugawa in an ce ruwa ya zo famfo. Yana cewa ɗan langa an riga an gina mai ƙafa tun yana yaro, saura a koya mai amfani da guda biyu. Ni kuwa ya kama ni ne ina gudun kada a rufe ƙofar lacca. Na ce mita 100 nake so, don shi ne mata ke tsayawa kallo, ya ce min ba ni da tashi amma ina da taurin kai, masu taurin kai 400 suke yi.

Duk wanda bai taɓa yin 400 ba ba zai gane ba. Mita 200 na farko daɗi ne, iska na kaɗa ka kana jin kai ne sarkin duniya. Kana shiga kwana ta biyu cinya ta fara tsami, in ka miƙe layin ƙarshe kuwa sai ka ji kamar an ɗaura ma turmi a kowace ƙafa, hannu ya ƙi ɗaguwa, ido ya yi duhu, kana jin ihun mutane kamar daga cikin rijiya. Abin da Baba ya shekara yana koya mana ke nan, yadda za ka raba ƙarfinka kada ka cinye tuwonka tun safe. Tirenin ɗin kuma bayan sallar asuba ne, saboda wanda ya san ranar Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san ƙarfe tara ma ta yi latti. Mita 200 sau takwas da ɗan hutu tsakani, ran Laraba kuma a kwashe mu zuwa yashin bakin gulbin Rima, mu yi ta tumurmusa har wani ya yi amai. In hunturu ya shigo haƙora na kaɗawa, leɓe ya tsage, ƙura ta hana ka ganin ɗaya gefen filin, shi kuwa yana nan da hular sanyi da filas ɗin shayi. Da azumi yakan maida abin bayan tarawi, ya rage nauyi, bai taɓa cewa wani ya ajiye azumi don gudu ba.

To ranar Asabar ɗin nan bayan mun sha fura sai ya ƙwala wa jikansa kira ya ce a jawo mai akwati. Akwatin ƙarfe ne irin na 'yan makarantar kwana, cike da litattafan rubutu masu warƙa sittin, wasu bangonsu ya cinye, gara ta ɗan taɓa na ƙasa. Kowane ɗan wasa da ya taɓa bi ta hannunsa yana ciki. Suna, garinsu, ranar gwaji, lokacin da ya yi, sannan a gefe ɗan bayani da jan biro: "iska ta gaba", "azumi", "zazzaɓi", "bai karya ba", wani wurin ma na ga an rubuta "budurwa ta ƙi shi". Ya laluba ya laluba ya ciro nawa. Rana ta farko daƙiƙa 58.3 a mita 400, na ƙarshe 51.8, tsakaninsu shafi huɗu na wahala. Na ce Baba ashe na yi ƙoƙari. Ya ce, "Ka yi, amma kar ka manta agogon hannu maƙaryaci ne, ɗan yatsa ba ya rigan ƙarar bindiga." Gaskiyarsa kuwa, lokacin da aka ɗauka da hannu yakan fi na na'ura gajarta, a gajeren tsere ana ƙara mai kusan 0.24 na daƙiƙa kafin a gwada su, don haka ni dai na yi shiru.

A shafi na uku akwai wata rana da ya ja wa layi biyu. Ban buƙaci karantawa ba. Gasar manyan makarantu ce, kun san jami'o'i suna da NUGA, poli suna da NIPOGA, kwalejojin ilimi NICEGA, to mu ma mun je tamu, kwana guda da rabi a mota, alawus bai fito ba sai da munka dawo, Baba ne ya riƙa sayen burodi da sadin daga aljihunsa. A gida da guntun bututun ruwa muke koyon miƙa sanda. Mun kai wasan ƙarshe na gudun ba ni in ba ka, 4x400, ni ne na uku, muna matsayi na biyu lokacin da na shigo layin ƙarshe, ƙafa ta mutu, na miƙa sandar tun ɗan'uwana bai damƙe ba na saki. Ƙarar faɗuwarta a ƙasa har yau ina jin ta. Na huɗu munka zo. Na zauna bayan tanti ina kuka wiwi da gemuna, Baba ya zo ya zauna kusa da ni bai ce uffan ba, sai da aka jima ya miƙo min ledar fiya wata ya ce, "Tashi mu tahi, la'asar na wucewa." Abin da ya rubuta da jan biro a gefen ranar nan shi ne "laifina, ban koya musu miƙawa cikin gajiya ba". Sai ranar Asabar na gani.

Yana da wani kaset na bidiyo da ya nuna mana ya fi sau ashirin a falonsa, tseren 4x400 na Olamfik ɗin Sidni a 2000, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong. Kullum in aka zo inda Udo-Obong ya taso daga baya ya cimma ɗan Jamaika daf da layi sai Baba ya miƙe tsaye kamar bai san ƙarshen ba. Minti biyu da daƙiƙa 58.68 sunka yi, azurfa, sai a 2012 aka maida ta zinare bayan an ƙwace ta Amurka saboda ɗaya daga cikinsu ya amsa ya sha ƙwayoyin ƙara kuzari. Sunday Bada kuwa ya rasu a Disambar 2011, bai ga zinarensa ba. Baba ya ce ranar da ya ji labarin bai iya cin abinci ba.

Abin da ya fi wahalar da shi a aikin nan mata ne, ba su kansu ba, iyayensu. Yarinya za ta zo da ƙafa kamar barewa amma gida a ce atafau. Sai Baba ya ɗauki Hajiyarsa a bayan Vespa su tafi har zaure, ya yi wa uban bayani cewa da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan hijabi za ta yi, Hajiya za ta bi su duk inda aka je, ita za ta kwana ɗaki ɗaya da su. Wasu su yarda, da yawa su ƙi. Kullum yakan kawo musu misalin Chioma Ajunwa, 'yar sanda, wadda ta yi tsallen mita 7.12 a Atlanta a 1996 ta ɗauko wa Najeriya zinare. Wani dattijo a Bodinga an ce ya saurare shi tsaf sannan ya ce to ita wannan ta yi aure? Har yau in Baba ya tuna sai ya yi dariya.

In ka tambaye ni me ya ci a shekarun nan, lambobin ba su cika faranti ba, akwai 'yan zinare da tagulla na gasar shiyya, da wasu yaransa da sunka sa rigar jiha a gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara tun 1973 a Legas. Bai fitar da ɗan Olamfik ba. Amma je ka bariki, je ka wurin 'yan sanda da kwastan da sibil difens, ka ga adadin waɗanda sunka wuce gudun ɗaukar aiki suna dariya saboda yashin Rima. Malaman motsa jiki na sakandare daga Illela har Tambuwal kuwa ba a magana, da yawansu irin busar usur ɗinsa suke yi.

Abin yana ci min rai in na ga yadda ake ɗaukar irinsa a wasu wurare. A Amurka kocin jami'a babban mutum ne, Clyde Hart ya yi fiye da shekara hamsin a jami'ar Baylor, shi ya horar da Michael Johnson da Jeremy Wariner, duk zakarun 400. A Afirka ta Kudu wata tsohuwa Ans Botha, kocin jami'ar Free State, tana da shekara 74 yaronta Wayde van Niekerk ya yi daƙiƙa 43.03 a mita 400 a Olamfik ɗin Riyo a 2016, daga layi na takwas fa, layin nan da ba ka ganin kowa gabanka, ya karya tarihin Johnson na 43.18. Tobi Amusan ɗin tamu ma da ta yi daƙiƙa 12.12 a tseren tsallake shinge na mita 100 a 2022, sai da ta bi ta jami'ar Texas da ke El Paso. Mu nan ƙwallo ta cinye komai, yaro ya san sunan mai tsaron gidan Arsenal na benci amma bai san mita nawa ke zagayen filin Giginya ba. Na faɗa wa Baba labarin tsohuwar nan, ya ce, "To ai ta girme ni lokacin, ke nan da saurana."

Da sauran nasa kuwa, don ina shirin tafiya yaran unguwa sunka taru, wai kullum bayan la'asar yana sa su tsere daga turken lantarki zuwa bakin masallaci, mita sittin ya auna da ƙafa. Ya ba ni agogon ya ce in danna, idonsa ba ya ganin ƙananan lambobi yanzu. Wata 'yar ficiciya mai tallan gyaɗa ta ajiye farantinta ta tsere wa maza uku ba takalmi, na karanta mai lokacin, ya sa jikansa ya buɗe sabon shafi.

Kafin in hau mashin ya ce ran Litinin da asuba in je in yi zagaye ɗaya in kawo mai lokaci, ba ya son ƙarya. Na je. Minti ɗaya da daƙiƙa 56, da tsayawa sau ɗaya riƙe da ƙugu a kwana ta biyu, wani mai shara yana tambayata ko lafiya. Na buga waya na faɗa wa jikan, ina jin muryar Baba daga nesa yana cewa a rubuta ƙarƙashin 51.8, a gefe kuma a sa "tumbi" da jan biro.