Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shuɗin Kofi

Makon jiya na tsaya a inda kafilina, wato mai gidan da ya ɗauko ni aiki, ya karɓe fasfona a filin jirgin Jidda ya jefa aljihu. Yau cikin gidan zan shiga da ku.

Mu uku ne 'yan aiki. Akwai 'yar Filifin mai raino, akwai direba, Bahaushe ɗan Damagaram da ya shekara 20 a ƙasar, sai ni mai shara da wanke-wanke da goge banɗaki shida. 'Yar Filifin riyal 1,500 take ɗauka, don gwamnatinsu ta tsaya kai da fata kada a biya 'yarsu ƙasa da dala 400. Ni 800, shi ma sai an ga dama. Katifata tana tsakanin injin wanki da bango. Kofina na roba ne, shuɗi, a bayan tukunyar gas ake ajiye shi kada ya taɓa na masu gida.

Uwar gidan ita ma ba a sake take ba. Shekarar 2016 ce, sai a 2018 aka bar mata tuƙi a Saudiyya, ko kanti za ta sai ta jira direba. Daren da mijinta ya ce zai ƙara aure, kicin ta same ni, ta kifa kai a kafaɗata tana kuka, tana cewa mu mata duk ciwonmu ɗaya. Na taya ta kukan har zuciyata, don nima kishiya ce ta fitar da ni daga ɗakina a Kurna. Da gari ya waye, shayi ya ɗan huce, sai na ji ta daga bene: "Ya abda!" Wato ke baiwa. Ko hawayenta bai gama bushewa a mayafina ba.

Na kai kukana wurin direba, tunda ɗan gida ne. Ya ce, "Haƙuri za ki yi, ƙanwata, duk takari haka ake mana." Gaskiya ya faɗa, na sha jin yaran gidan suna zagin fatarsa. Amma shi bayan isha'i yakan tafi unguwar Karantina ya ci tuwo da 'yan uwa, igamarsa, wato takardar izinin zama, na aljihunsa, kuma ba wanda ke murɗa masa ƙofa da tsakar dare. Ni sai na tokare tawa da teburin guga saboda babban ɗan gidan. Da na faɗa masa wannan, cewa ya yi in riƙa sa hijabi mai kauri. Wallahi maganar nan ta fi min "abda" zafi.

Bayan na dawo Kano da shekaru, 'yar yayana da ke jami'a ta ji labarin nan, ta ce, "Gwaggo, ai abin nan har suna gare shi." Ta ce wasu baƙaƙen mata biyar a Amurka sun kai kamfanin General Motors ƙara bayan an sallame su. A 1976 kotu ta ƙi haɗa musu ƙorafin launi da na jinsi wuri guda, alhali matan da kamfanin ya daɗe yana ɗauka farare ne, baƙaƙen kuwa maza. A 1989 wata malamar shari'a, Kimberlé Crenshaw, ta sa wa abin suna "intersectionality", ta kwatanta su da wanda mota ta buge a mararraba, ana ta gardamar daga wace hanya motar ta fito, shi yana kwance.

Na ce, "'Yar nan, ki faɗa wa malamarku ta ƙara hanyar talauci, don ita ta kai ni mararrabar."

Ta ce ai an ƙara, har a Zariya ƙungiyar mata ta WIN (Women in Nigeria) tun 1982 ta fara faɗar haka. Sai ta tambaye ni me ya faru da teburin guga. Ban iya ba ta amsa ba a ranar. Ku ma sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.